Yaro ya samu sauƙi, Babansa ya ce a daina kemo

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Ɗana na biyu shekararsa 4, sati 7 da suka wuce likitoci suka ce yana da sankarar jini, wai ALL suke ce mata. Kafin a gano mun fi wata biyu muna yawon magani, yau zazzaɓi gobe ciwon ƙafa, ya yi fari fat, sai da aka yi masa ƙarin jini sau biyu sannan wani likita ya ce a ɗebi ɓargonsa a duba. An fara kemo, wato maganin nan mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin sankara, mun sha wuya wallahi, gashinsa ya zube, ya yi ta amai, amma yanzu Alhamdulillah ya miƙe yana wasa, yana cin abinci kamar me, har kumatu ya yi. Likita ya ce gwajin ɓargo ya yi kyau ba a ga cutar ba, amma wai sai mun ci gaba da magani har shekara biyu da wani abu. Babansa ya ce shi kam ya gama, tunda an ce ba a ga cuta ba me za a ci gaba da azabtar da yaro, ga bashi ya yi masa katutu. Surukata ta goya masa baya, ta kawo wani jiƙo ta ce shi za a riƙa ba shi, ta kuma taɓa cewa su a danginsu ba a taɓa irin wannan ciwon ba, kinsan dai inda maganar ta dosa. Ta hana yayarsa mai shekara 7 kwana ɗaki ɗaya da shi wai kar ta ɗauka. Saura kwana 5 ranar komawarmu asibiti. Ni kaina in na tuna allurar bayan nan da ake masa sai in ji kamar suna da gaskiya. Bana bacci Anti, ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya ya kuma ba ki ladan wannan tsayuwar da kika yi. Na karanta wasiƙarki sau biyu kafin in ɗauki biro, kuma bari in fara da abin da ba zai jira ba tukunna mu zo kan sauran: ranar nan da aka ba ku, ku je. Ko an shawo kan Babansa ko ba a shawo ba, ko ana magana a gidan ko an daina gaisawa, kwana biyar ɗin nan idan suka cika yaron nan ya kasance a gaban likitansa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa yana nan ne don ya taimaka miki ki kai shi da yardar kowa, amma kai shin shi ne ba a sasantawa a kansa.

Yanzu bari in gaya miki dalili, don na san ba za ki iya tsayawa gaban mijinki da surukarki da "likita ya ce" kawai ba, kina buƙatar ki gane abin da kanki har ya zauna miki.

Da likita ya ce ba a ga cutar ba, gaskiya ya faɗa, amma abin da yake nufi shi ne an leƙa ɓargon da na'ura ba a hango ta ba. Sankarar jini ba ƙari ba ne guda ɗaya da za a yanke a jefar, ƙwayoyin jini ne marasa amfani da ɓargo yake ta haifarwa ba tsayawa har su cunkushe wurin su hana masu kyau fitowa, shi ya sa kika ga ya yi fari, shi ya sa zazzaɓi ya ƙi tafiya, shi ya sa ƙashinsa ke ciwo. Lokacin da ake gano cutar ƙwayoyin nan sun kai biliyoyi a jikin yaro. Zagayen farko na kemo, wannan na sati huɗu zuwa shida da kuka gama, yana kashe mafi yawansu sosai, har a duba ba a gani. To amma kashi ɗaya cikin dubu na biliyoyi ai miliyoyi ne, kuma suna nan a laɓe, kowacce tana iya rabuwa biyu, biyun su zama huɗu. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Sauran shekara biyu da wani abun nan da kike ji kamar ba za su ƙare ba, su ne saran kan.

Kuma wannan ba hasashe ba ne, an gani da ido tun da daɗewa. A 1948 wani likita a birnin Boston na Amurka, Sidney Farber, ya ba yara 16 masu sankarar jini wani magani, 10 daga cikinsu suka miƙe, jininsu ya gyaru, wasu suka koma wasa kamar ɗanki yanzu. Murna ta cika ko'ina, don kafin nan ba a taɓa ganin haka ba. Amma sauƙin bai ɗore ba, cutar ta dawo musu. Shekaru aka kwashe ana gwaji ana rasa yara kafin a gane cewa sai an haɗa magunguna da yawa, an bi cutar har inda take ɓuya, an kuma ja maganin tsawon lokaci bayan yaro ya yi kamar ya warke. Da aka gane haka ne abin ya juya, cutar da a farkon shekarun 1960 ko yaro ɗaya cikin goma ba ya tsira daga gare ta, yau a inda ake kammala magani yadda ya kamata kusan tara cikin goma suna warkewa. Ba zan yi miki ƙarya in ce kowane yaro da ya gama magani yana tsira ba, akwai waɗanda take dawo wa duk da an yi komai. Amma wanda aka tsayar masa a inda ɗanki yake yanzu, kusan tabbas ne za ta dawo cikin watanni, kuma in ta dawo ta fi taurin kai, ta fi cin kuɗi, ta fi wahalar da yaro.

Sai maganar kumatun nan. Ki yi haƙuri zan ɗan rage miki daɗinsu. Cikin magungunan zagayen farko akwai wanda ake kira prednisolone ko ɗan uwansa dexamethasone, ki duba katinsa zaki ga ɗaya daga ciki. Aikinsa kashe ƙwayoyin cutar ne, amma yana buɗe ciki yaro ya yi ta neman abinci har tsakar dare, fuska ta yi zagaye kamar wata, ciki ya ɗan fito, wani lokacin ga rigima da fushi ba dalili. In an janye shi a hankali kumatun za su sauka. Na faɗa miki ne don ranar da suka sauka kar wani ya ce kin gani, an koma asibiti yaro ya rame. Wasan da yake yi da ƙarfin da ya samu kuwa na gaske ne, ɓargonsa ya samu sarari ya koma aiki, wannan abin godiya ne kuma alama ce maganin yana karɓarsa.

Allurar bayan da ke hana ki bacci, na san ba ƙaramin abu ba ne uwa ta ga an lanƙwashe ɗanta an tokare shi yana kiran sunanta. Dalilinta shi ne maganin da ake sa wa ta jijiya ko ake sha ba ya isa sosai cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da lakar baya, jiki yana da wani shinge a wurin, su kuma ƙwayoyin cutar sai su samu mafaka a can. Shi ya sa ake kai musu maganin har gida. Abin da zaki iya yi shi ne ki tambayi likita ko nas kai tsaye me suke da shi na rage zafi, akwai man da ake shafawa fatar ta mutu kafin allura, akwai kuma maganin sa bacci na ɗan lokaci a asibitoci da dama. Tambaya ce da kike da hakkin yi, ba rashin kunya ba ne. Kuma in ke ba ki iya tsayawa a ɗakin, ki fita, wata ta riƙe shi, ki dawo ki rungume shi bayan an gama. Ba kowace uwa ke iya kallo ba.

Mu zo kan maigidanki. Ni ban ga mugunta a maganarsa ba ƙanwata, na ga mutumin da ya gaji ya kuma tsorata. Abu biyu ya faɗa, azabtar da yaro da kuma bashi, kuma in kika lura maza da yawa sun fi iya furta na farkon don na biyun yana taɓa musu mutunci. Namijin da ya ranci kuɗi a wurin duk wanda ya sani, aka ce masa wannan somin taɓi ne saura shekara biyu, dole ƙwaƙwalwarsa ta nemi wata ƙofa, sai ga likita ya ce ba a ga cuta ba, ai kuwa ya kama. Don haka kar ki shiga da cewa ba ka damu da ɗanka ba, wannan kalmar in ta fita ba ta komawa, kuma za ta sa ya ƙara kafewa ne. Ki same shi lokacin da babu kowa, ba gaban mahaifiyarsa ba, ki fara da gode masa kan abin da ya kashe da dararen da ya kwana a tsaye, sannan ki roƙe shi abu ɗaya tak: ya raka ku ranar, ya zauna da likita, ya yi duk tambayar da ke ransa. Kar ki ce ya yarda a ci gaba, ki ce ya zo ya ji da kunnensa tukunna ya yanke. Sau da yawa uwa ce ke zama a asibiti tana jin bayani, uba kuma sai dai a kawo masa labari da takardar kuɗi, to wanda takardar kuɗi kawai yake gani ya za a yi ya ga amfanin abin.

Kafin ranar ki kira likitan ko nas ɗin da kika fi sabawa da ita ki gaya musu gaskiya, Babansa yana so a tsaya. Kar ki ji kunya, wallahi ba ku ne na farko ba. Barin magani a tsakiya yana cikin manyan abubuwan da ke sa yara mutuwa da cutar daji a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara yara da matasa kusan 400,000 ke kamuwa da cutar daji, a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, a ƙasashe da dama marasa ƙarfi kuwa ba su kai kashi 30 ba, kuma bambancin ba wai cutar can ta fi sauƙi ba ne, rashin ganowa da wuri ne da rashin magani da kuma barin sa a hanya. Saboda haka ne ma a 2018 hukumar ta ƙaddamar da wani shiri tare da asibitin St. Jude na Amurka da burin a kai kashi 60 nan da 2030, kuma irin ciwon ɗanki yana cikin guda shida da suka sa a gaba don ana warkewa daga gare su. Likitocin yara masu wannan aikin sun saba da zama da iyaye maza irin mijinki, in sun san da maganar tun kafin ku shigo za su ware masa lokaci.

In kun zauna, ku nemi a rubuta muku tsarin maganin gaba ɗaya a takarda, zango nawa ne, wanne ne mai kwanciya, wanne ne na zuwa a dawo, kowanne kusan me zai ci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma akwai wani abu da nake zaton ba wanda ya zauna ya gaya wa Babansa: shekara biyun nan ba duka irin satuttukan da kuka wuce ba ne. Akwai wasu watanni masu nauyi a gaba, ba zan ɓoye miki ba, amma zango mafi tsawo na ƙarshe yawanci ƙwayoyi ne da ake sha a gida, ɗaya kullum ɗaya sati-sati, sai a riƙa zuwa gwajin jini da ganin likita lokaci-lokaci, yara da yawa a wannan zangon har makaranta suke zuwa, gashi ma ya dawo. Mutum in ya ɗauka shekara biyu zai yi yana kwana a barandar asibiti dole ya karaya. Ku tambaya kuma ko asibitin yana da sashen walwala, ko akwai ƙungiyoyin da ke tallafa wa yara masu cutar daji da magani ko masauki, ko za a iya yin wasu gwaje-gwajen jinin a asibitin da ya fi kusa da ku a turo sakamako don a rage kuɗin mota. Nas-nas ɗin ɗakin da iyayen da suka riga ku daɗewa su ne suka fi kowa sanin waɗannan hanyoyin. Kuma ku bar dangi su taimaka, na ku da nasa, wani zai iya ɗaukar kuɗin gwaji ɗaya a wata bai ji a jikinsa ba in an gaya masa takamaiman abin da ake so.

Surukarki kuma. Maganar dangin nan ta yi zafi, na sani, amma ba ta da tushe. Mafi yawan cutar dajin yara ba a san musabbabinta ba, kuskure ne ke faruwa a cikin ƙwayar halitta lokacin da jiki ke girma, ba abin da kika ci da ciki ba ne, ba nononki ba ne, ba sakacinki ba ne. Kusan ɗaya cikin goma ne kawai ke da alaƙa da gado, shi ma gadon ta kowane ɓangare yana iya zuwa. Da ni ce ke ba zan tsaya musu da ita kan wannan ba, zan bar likita ya faɗa a gaban ɗanta, ya fi shiga. Jiƙon da ta kawo kuwa kar ki zubar a gabanta, kar kuma ki ba shi. Hantar yaron nan da ƙodarsa yanzu suna aikin tace magunguna masu ƙarfi, wani ganyen yana ƙara musu nauyi ko ya canja yadda kemo ke aiki, ga kuma garkuwar jikinsa a ƙasa, ruwan da ya kwana a jiƙe yana iya shigar masa da ƙwayar cuta. Ki ce mata likita ya hana komai sai an nuna masa, ki ɗora laifin a kansa, sun saba ɗauka. Sannan ki ba ta wani aikin, don tsohuwar nan so take ta ga hannunta a cikin warkewar jikanta. Addu'a tata ce, ba mai hana ta. Ki ce Mama ke zaki riƙa tuna mana lokacin maganinsa, ko ki zauna da shi ranar da na fita. Kaka in ta ɗauki abu nata ne ba ta wasa da shi, kuma ƙwayoyin gidan nan tsallake su kwana-kwana ma yana ƙara haɗarin dawowar cutar, mai tsaro irin ta ba ƙaramin amfani za ta yi ba.

Yayar tasa ku mayar da ita ɗakinsu yau ɗin nan. Cutar daji ba a ɗaukarta, ba ta numfashi ba, ba ta kwano ba, ba ta shimfiɗa ba. In ma akwai wanda ake karewa to shi ne, ranar da take mura ko zazzaɓi a ɗan raba su, kowa ya riƙa wanke hannu, in kuma ƙyanda ko ƙarambau ta ɓulla a kusa ko a makarantarta ki kira asibiti ranar, don su biyun nan suna da haɗari sosai ga yaron da ke kemo. Ki zauna da ita ki yi mata bayani daidai hankalinta, jinin ƙaninki ne ba shi da lafiya, ana ba shi magani mai ƙarfi shi ya sa gashinsa ya zube, ba ke kika jawo ba kuma ba zai kama ki ba. Yara masu shekarunta suna ɗora wa kansu laifi a ɓoye, wata tana can tana tunanin don ta taɓa dukansa ne. Sati bakwai kenan uwarta ta tafi da hankalinta gaba ɗaya wajen ƙaninta, ko minti goma ki ware mata nata ita kaɗai.

Ke ma na ji ƙamshin wannan laifin a wasiƙarki, inda kika ce mun fi wata biyu muna yawo. Ki sauke shi. Alamun cutar dajin yara suna kama da ciwukan yau da kullum ne, likitoci ma suna ruɗewa. Abin da ke ɗaga hankali shi ne ciwon da ya ƙi tafiya ko yake ta dawowa duk da magani, fari da kasala, tabon jini a fata ba tare da faɗuwa ba, haɓo ko jinin dasashi, ciwon ƙashi har yaro ya ƙi taka ƙafa, kumburin wuya ko muƙamuƙi ko ciki da ba ya ciwo amma yana girma, ciwon kai da aman safe, ko wani farin haske a baƙin ido kamar na kyanwa musamman in an ɗauki hoto da fitila. Ke kin ci gaba da komawa har aka gano, wasu da yawa a ƙarin jini na farko suke tsayawa.

To in duk an yi wannan Babansa ya ce a'a fa? Ki nemi wanda yake jin maganarsa, yayansa ne, kawunsa ne, malaminsa ne ko amininsa, amma ki zaɓi mai hankali wanda zai yarda ya je asibitin ya ji da kansa, ba wanda zai zo ya ƙara wa wuta fetur ba. Ki sa naki iyayen a ciki tun yanzu, cikin mutunci, kar sai abu ya lalace. Ki gaya wa likita ƙarara cewa an hana, asibitoci suna da hanyoyin da suke bi idan rayuwar yaro tana cikin haɗari, kuma nauyin ba naki ba ne ke kaɗai. Ba na so ki yi ta a ɓoye, don maganin shekara biyu ba ya ɓoyuwa, ki faɗa masa a fili da ladabi cewa komai zaki bi shi amma wannan ba za ki iya ba. Kuma ko da ranar ta kuɓuce muku saboda wani dalili, kar kunya ta hana ku komawa, ku je washegari, za su karɓe ku.

Rashin baccin nan ki faɗa wa wata, 'yar uwarki ko wata uwa a ɗakin jinyar da ta riga ki shiga, ki kuma bar wani ya karɓe ki ko dare ɗaya a sati.

Abu na ƙarshe, ki sayi ma'aunin zafin jiki in ba ki da shi, ki ajiye lambar wayar ɗakin jinyarsu a wayarki da ta Babansa. Duk lokacin da ya nuna 38 ko sama, ko yaron ya yi laushi yana rawar sanyi, ko da ƙarfe biyun dare ne, kar ki ba shi farasitamol ki ce bari mu ga safiya, ku tafi asibiti kai tsaye ku ce yaro ne mai kemo. Ki rubuto min bayan kun dawo daga wajen likitan, ina so in ji abin da Babansa ya tambaya.